Ranar da Na Mayar da Riɗin Baban Mujtaba

'Yan uwana masu bin labarina, sallama gare ku. Yau ba hirar lalle ko ta kayan ɗaki na kawo muku ba. Raina a ɓace yake, kuma in ban amayar da abin da ke cikina a nan ba, ban san inda zan kai shi ba, don ko a gidanmu yanzu kallon mai laifi ake yi mini.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Huda. A Mai Wurno ta ƙasar Sudan aka haife ni, a nan na tashi, in ban da 'yan shekarun da na yi karatu a Sinnar. Ina aiki a assarar jam'iyyar haɗin kan manoma, wato wurin da ake matsar man riɗi, can bayan kasuwa kan hanyar da ke gangarawa kogi. Kowane manomi ya kawo riɗinsa a matse, man duka ya taru a babban tanki ɗaya, daga nan a zuba a jarkoki a kai Sinnar da Sinja da sunan jam'iyya.

Mudir ɗinmu, wato manajanmu, Baba Alhasan ne. Shi ya kafa wurin tun lokacin da raƙumi ke juya turmin, ido a rufe, kafin a samu inji. Dattijo ne dogo siriri, kullum cikin farar jallabiyya da rawani, kuma duk tsawon zamana da shi ban taɓa ganin ɗigon mai a jikin kayansa ba, alhali a cikin mai muke yini. Ba mugu ba ne, wallahi ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya ce: ba ya iya sakin abu.

Da 'yan lajna, wato kwamitin jam'iyya, suka matsa masa cewa ya tsufa, ya kamata a fara shirya matasan da za su riƙe wurin bayansa, sai ya zaɓi mu uku cikin ma'aikata: ni, da Mujtaba, da wani Bilyamin. Ya sa wa abin suna darasin magada. Duk Alhamis bayan fatur, wato karin kumallo, sai mu zauna ƙarƙashin rumfar da muke kira rakuba, a kawo gahawar jabana, ya gyara zama ya fara.

"Huda, a ce ke ce mudir, inji ya tsaya ga motar Sinja na jira. Mi za ki yi?"

Ina buɗe baki zan ce, "Baba, da farko zan…"

"A'a, tsaya ki ji yadda na yi a shekarar da kogi ya cika."

Shi ke nan. Ya yi tambaya, ya ba kansa amsa, ya yaba wa amsar. Haka damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Mun haddace labarin shekarar da kogi ya cika kamar karatun allo, amma ko tsintsiya za a saya wa assara sai an je an tambaye shi. Bilyamin ya gaji, wata safiya muka ji ya bi motar masu haƙar zinari ya yi arewa. Baba Alhasan ya girgiza kai ya ce yaran yanzu ba su da haƙuri. Ni kuwa a raina na ce, Baba, ba haƙuri ne ya ƙare masa ba, shekaru ne suke ƙare masa.

Saura ni da Mujtaba. To, Mujtaba kuma shi ne wanda nake so, kun ji na faɗa kai tsaye. Shi ke kula da ɗaukar kaya da kai mai kasuwa. A ƙarƙashin rakubar nan muka saba, muna haɗa ido muna danne dariya duk lokacin da aka ɗauko zancen kogi. Magana ta yi nisa har gidajenmu sun sani, an tsayar cewa da zarar an gama kakar riɗi, ƙannen babansa za su zo wurin kawunnaina neman aure.

Sai ga idon Baba Alhasan ya yi yana. Likita ya ce dole a yi masa aiki a Sinnar, ya kuma zauna can gidan ɗiyarsa har ya warke. 'Yan lajna suka ce ya bar wani a madadinsa. A gaban ma'aikata duka ya ce, "Huda ce mudira har in dawo. Abin da ta ce, ni na ce."

Ranar kam ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Na koma gida na ciro tob ɗina, wato lafaya, mai ruwan zuma, wanda nake ajiye wa biki, na goge shi. Iya, mahaifiyata, tana gaban kaskon doka tana yin kisra, gurasarmu ta dawa, ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Mudira ko? Allah shi sa kada ki manta ke mace ce." Saƙon Mujtaba ya shigo: "Mabruk ya mudira. Yanzu sai mu riƙa neman izini kafin mu gaishe ki." Ya sa fuskar dariya. Na yi dariya ni ma, ban tsaya na auna maganar ba.

Daɗin bai kai ko'ina ba. Washegari na shiga ɗakin inji na tarar da Mato, wanda ke tuƙa injin, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

"Awo Mudir. To Mudir. Yanzu kuwa, Mudir."

Na ce, "Mato, da wa kake magana?"

"Da Mudir mana. Na tambaye shi ko in canza matatar injin yau ko in bari gobe."

"Ba ga ni ba?"

Ya sosa ƙeya. "Ma'alesh, yi haƙuri ya Ustaza, sabo ne."

Ba Mato kaɗai ba. Matan da ke tankaɗe riɗi in za su tashi da wuri, shi suke bugo wa. Direba in taya ta yi sanyi, shi. Mutumin da aka rufe wa ido da bandeji a wani gari shi ke tafiyar da assara daga kan gado, ni kuma ina zaune a ofis cikin tob mai ruwan zuma kamar hoton bango. In na ba da umarni sai a ce "tamam", wato an ji, a fita waje a buga waya a tabbatar. Na kira shi na ce, "Baba, don Allah ka daina amsa musu." Ya ce, "Ɗiyata, ai taimakonki nake yi."

Ana cikin haka aka yi wani ruwan bazata a ƙarshen kaka, ya sami riɗin mutane da yawa a tsaye a gona. Masu haƙuri suka baza nasu ya sha rana. Ran Talata da hantsi, layin karo, wato amalanken jaki, ya kai har bakin titi, jakuna na ta kaɗa jela, sai ga Malam Sulaiman, mahaifin Mujtaba, da nasa karo biyu shaƙe da buhuna. Babban manomi ne, mai faɗa a ji, kusan rabin masu kawo mana riɗi danginsa ne ko surukansa. Na fito na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, har da tsokanata, "Mudira da kanta!"

Na kwance bakin buhu na farko na cusa hannu. Sanyi na ji maimakon ɗumi. Na damƙo na matse, da na buɗe hannu riɗin ya tsaya a dunƙule, bai zube ba. Na kai hanci, ga ɗan warin fumfuna ya fara. Na buɗe na biyu, na uku, duk ɗaya.

Kun san abin da wannan yake nufi? In aka matse shi, man zai yi ɗaci, ba da daɗewa ba ya yi wari. Kuma ba nasa kaɗai ba, duk man da ke tanki, na gwauruwar da ta kawo rabin buhu da na mai gona goma, duka zai lalace.

Na ɗago. Mutane sun yi cirko-cirko suna kallona. Mujtaba yana tsaye jikin mota, ya kafe ni da ido. Wani abu ya ce mini, Huda, yau ce ranar da za su san ko ke mudira ce ko hoto.

Na ce, da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji, "Baba, wannan riɗin ɗanye ne. Ba za mu karɓa ba. Sai ku mayar ku shanya."

Fara'ar fuskarsa ta ɗauke kamar an share.

"Mi kinka ce?"

"Na ce bai bushe ba, Baba. In ya shiga tanki zai ɓata na kowa."

"Ni za ki koya wa riɗi? Tun uwarki ba ta yi wayo ba nake kawo kaya wanga wuri. Alhasan bai taɓa buɗe mini buhu ba."

"Yau ni ce a nan, Baba."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya, ban san ko wane ne ba. Malam Sulaiman ya juya ya nemi mai dariyar bai gan shi ba. Ya sa aka sauke buhunan nan bakin ƙofar sito, ya ce ba zai wahalar da jakunansa sau biyu ba, ya kaɗa rigarsa ya tafi.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Iya zaune kan gadon angareb a tsakar gida, ko mayafi ba ta yafa ba, ga miyar mulah a kan wuta tana ƙonewa ba ta kula ba.

"Huda, zo nan. Gaskiya ne abin da na ji? Uban mijinki kinka tozarta gaban jama'a?"

"Iya, bai zama uban mijina ba tukuna. Kuma riɗin ɗanye ne."

"Ɗanye! Ke kinka dafa shi? Gidan da za ki shiga ke nan, ki ci tuwonsu, ki haihu cikinsu. Aikin ga na kwana nawa ne? Alhasan na dawowa ya karɓe kujerarsa, ke kuma ki zauna da abin da kinka shuka har tsufanki."

"To in bar man mutane ya lalace don ina son aure?"

"Ki bar mazan su yi abinsu! Mujtaba ba shi nan? Mi ya sa ba ki ce shi ya duba ba?"

Na shige ɗaki na rufe ƙofa, na zauna gaban madubi ina cire 'yan kunne. Abin da ya fi ci mini rai, maganarta ta ƙarshe tana da ƙamshin gaskiya, ni kuma ba na son in ji ta.

Bayan magariba wayata ta yi ƙara. Mujtaba.

"Kin kyauta."

Na rubuta: "Kai ma ka san bai bushe ba."

"Na sani. Ni na ce masa ya ƙara kwana biyu bai ji ba. Amma a gaban mutane, ya Huda? Har ana yi masa dariya?"

"In na karɓi na babanka, gobe da wane baki zan mayar da na wani?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa. Daga ƙarshe abin da ya turo kawai shi ne: "Halas, shi ke nan. Sai da safe." Babu fure, babu zuciya, babu "amaryata" da ya saba rufe hira da shi.

Da safe tun daga bakin kasuwa na jiyo ƙugin inji. Na yi mamaki, don ban ce a tayar ba. Na ɗaga ƙafa, tob yana harɗe ni. Ina shiga na ga buhunan jiya an jawo su ciki, biyu har an zazzage, Mato yana ɗura riɗin Malam Sulaiman a bakin inji, mai yana tsiyaya yana bin bututu zuwa tanki.

"Mato! Wa ya sa ka?"

"Mudir ya bugo tun da asuba. Ya ce a matse, shi ya ɗauki nauyi."

"Wa ya gaya masa?"

Mato ya kalli bayana. Na juya. Mujtaba ne tsaye bakin ƙofa, hannu cikin aljihu.

Ban san lokacin da na isa jikin bango na ja makunnin wuta ƙasa ba. Injin ya yi wani gurnani ya mutu. Na rufe famfon tanki da hannuna, mai ya fallatsar mini a gaban tob.

"Kai ka kira shi?"

"Gyara nake so in yi," in ji Mujtaba. "Babana bai ci abinci ba jiya. Na ce in Mudir ya sa baki, magana ta mutu, ke ma kin huta."

"Na huta? Ka zagaya ta bayana ka kai ƙarata, ka nuna wa ma'aikata cewa maganata iska ce, sannan ka ce na huta? Mujtaba, tare muka zauna ƙarƙashin rakubar can muna kukan ba a ba mu dama. Yau an ba ɗayanmu, kai ne na farkon da ya mayar wa Mudir da ita!"

Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago, idonsa ya yi ja. "An ba ki dai. Ni ba a ba ni komai ba. Ni ɗan aike ne a nan, ɗan aike ne a gida. Ki gaya mini inda zan tsaya."

Na juya na shige ofis.

Kafin azahar karo biyu suka zo suka kwashe sauran buhunan. Ɗaya daga cikin masu jakunan ya ce Malam Sulaiman ya rantse riɗinsa ba zai ƙara shiga assarar jam'iyya ba, shi da 'yan uwansa duka garin Abu Hujar za su riƙa kaiwa, akwai mai inji can. In haka ta faru, rabin aikinmu ya tafi, kuma matan tankaɗe su za a fara sallama.

Ban koma gida ba. Da tabon man a gabana na tari hafla, motar haya ta Sinnar, na matsu tsakanin wata mata mai kaji da wani ɗan makaranta, ina ta shirya maganganun da zan faɗa.

Na sami Baba Alhasan kwance a barandar gidan ɗiyarsa, ido ɗaya a rufe da auduga, babu rawani. Ban taɓa ganin kansa ba sai ranar, ashe duk furfura ce, kuma ya yi mini ƙanƙanta. Wayarsa na kan ƙirjinsa. Matarsa Hajja Sara ta kawo mini ruwa, ta raɗa mini, "Ki yi masa faɗa, likita ya hana shi waya, ya ƙi ji."

Na gaishe shi, na tambayi jiki. Daga nan ban iya riƙewa ba.

"Baba, mi ya sa ka ce ni ce mudira?"

"Don ke kin fi su kai."

"To mi ya sa ka sa aka tayar da inji ban sani ba? Ka san riɗin ɗanye ne?"

"Mujtaba ya ce da ɗan sanyi-sanyi."

"Dunƙulewa yake a hannu, Baba. Ya fara fumfuna. Buhu biyu sun shiga tanki kafin in kashe."

Ya yunƙura zai tashi zaune, Hajja Sara ta danne kafaɗarsa. "Fumfuna? La ilaha illallahu. Ba a gaya mini haka ba."

"Yaya za a gaya maka? Kana nan, ido a rufe, kana yanke hukunci kan buhun da ba ka taɓa ba. Ni da na taɓa shi ba ka tambaye ni ba."

Ya mayar da kai kan matashi. Sannan ya ce, "Hukuncinki daidai ne. Ni ma ba zan bari ya shiga tanki ba. Amma ba haka ake yi ba, ɗiyata. Sulaiman ya sha kawo mini ɗanyen riɗi. Sai in ja shi ofis, in sa a kawo shayi, in ce masa inji na da matsala yau, ya bar kayan. In ya tafi in sa a baza su bayan sito su sha rana, in matse ranar da sunka bushe. Shi ya san na sani, ni na san ya sani, ba wanda ya ji kunya. Mutum irin Sulaiman ba a ce masa a'a a gaban jakinsa ma, balle gaban jama'a."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ga hanya mai sauƙi, ga fili bayan sito da nake wucewa kullum. Hawaye suka zo mini, na haushi ba na nadama kaɗai ba.

"Yaushe ka koya mini wannan, Baba? Duk Alhamis ɗin da muka zauna, yaushe ka ce, Huda, zo ki tsaya kusa da ni ki ga yadda ake yi da Malam Sulaiman? In manyan manoma suka zo, aikena kake yi in kawo shayi, ka rufe ƙofa. Labarin kogi na sani. Wannan ban sani ba, don ba ka taɓa bari na gani ba. Ba ka taɓa bari mun yi kuskure ƙarami kana kusa ba, sai da ka tafi na yi babba."

Hajja Sara ta ce, "Faɗa masa dai."

Can ya ce, a hankali, kamar ba da ni yake ba, "In na koya muku duka, ni kuma in yi mi? In zauna ƙofar gida ina korar ƙuda?"

Tausayinsa ya kama ni, amma ban bari ya rufe mini baki ba. Na ce, "Ka zauna kusa da mu, mu yi, ka gyara. Bilyamin ya tafi. Mujtaba ya fara jin shi ba kowa ba ne. In ka ci gaba haka, ranar da za ka saki wurin ba za ka sami wanda zai karɓa ba."

Ya lalubi wayar a ƙirjinsa. Na ɗauka Malam Sulaiman zai kira, har na ji sanyi a raina, na ce to, zai kashe wutar. Sai ya miƙa wa Hajja Sara.

"Kashe ta, ki sa a akwatinki." Ya juyo da lafiyayyen idonsa gare ni. "Man da ke tanki, ki sa Mato ya kwashe shi a ganguna daban, kada a haɗa da sabo, ki ɗanɗana ki gani. Wannan shawara ce, ba umarni ba. Sulaiman kuwa, ba zan kira shi ba. Ke kinka ɓata, ke za ki gyara. Ki tafi gidansa yau, kada ki bari ya kwana biyu da abin."

"Ni kaɗai? Baba, in ce masa mi?"

"Ba ke ce mudira ba?"

Kun ji mutumin nan! Shekara da shekaru ina roƙon ya sakar mini, bai tashi saki ba sai a wuri mafi zurfi.

La'asar ta yi sanyi lokacin da hafla ta sauke ni Mai Wurno. Na so in biya gida in canza tob, na san in Iya ta gan ni ba za ta bar ni in fita ba sai ta haɗa ni da kawuna da goro da ban-haƙuri, abin ya tashi daga maganar aiki ya koma maganar aure. Na tura wa Mujtaba saƙo: "Ina zuwa gidanku wurin Baba." Ya karanta. Bai amsa ba.

Gidan Malam Sulaiman babba ne, da ƙofar ƙarfe shuɗiya. A filin gaban zaure na ga abin da ya tsayar da ni: riɗin nan ne baze a kan manyan tamfol, yana shan sauran rana. Ashe ya shanya. Bai dai so a gaya masa ba ne.

Na yi sallama. Aka amsa daga ciki, murya fiye da ɗaya. Na cire takalmi na shiga. Yana zaune kan angareb da carbi, ƙannensa biyu a gefensa, su ne dai waɗanda aka ce za su je neman aurena. Mujtaba yana tsugune can kusa da ƙofar cikin gida yana zuba musu shayi, bai ɗago ba. A gabansu akwai kujerar roba guda, wadda ake ba baƙi maza, a ƙasa kuma tabarma.

Na buɗe baki zan fara gaisuwa, Malam Sulaiman ya ɗaga hannu.

"Tsaya tukuna. In san wadda nake magana da ita. In mudirar assara ce ta zo, ga kujera, mu yi maganar riɗi, in faɗa mata abin da ke raina ba tare da na ji nauyinta ba. In kuwa yarinyar da ɗana ke nema ce, ga tabarma, ta ba ni haƙuri, in yafe, gobe ta mayar wa Alhasan aikinsa ta zauna gida ta jira mu. Ba zan yi magana da mutum biyu a jiki ɗaya ba. Wacce ta zo?"

Ƙarar zuba shayi ta tsaya. Na kalli Mujtaba, ko zai ɗago ya ba ni wata alama. Idonsa na kan butar.

Ƙafafuna suna so su lanƙwashe, don tun ina ƙarama abin da aka koya musu ke nan a gaban manya. Na tuna matan tankaɗe. Na durƙusa har ƙasa, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, yadda Iya ta tarbiyyantar da ni. Na ce, "Baba, yadda na yi muku magana gaban jama'a ban kyauta ba, ku yafe mini. Wannan bashi ne a kaina ko da aure ko babu."

Sannan na miƙe, na jawo kujerar, na zauna.

"Amma mudira ce ta zo."

Ɗaya daga cikin ƙannen ya ce, "Subhanallahi." Malam Sulaiman ya ajiye carbinsa a hankali. Bai kalle ni ba, ɗansa ya kalla.

"Mujtaba, ka ji da kunnenka. Har yanzu kana so mu tafi gidansu?"

Mujtaba ya ajiye butar. Ya ɗauki kofi ɗaya ya cika shi, ya taso ya ratsa tsakanin iyayensa. Ya tsaya a gabana ya miƙo mini.

"Baba," ya ce, "a fara gama maganar riɗin. Ni ma ma'aikacinta ne."